Yadda Na Shanya Mitar Mahaifinku

Ke Uwani, kai Mustafa, da kai Auta, kun tashi da wata magana a gidan nan wadda ba ku taɓa tambayar tushenta ba. Maganar ita ce Baba Ilu, ƙanen mahaifinku, ya zuba guba a kwamin kifin marayu saboda baƙin ciki. Da labarin rasuwarsa ya zo daga Sabuwa a daminar bana, na kira kowannenku, ba wanda ya je ta'aziyya. Mustafa ma cewa ya yi, Allah ya jiƙan Musulmi, ya shiga tambayata ciwon ƙafa. Ban ga laifinku ba. Na zauna da wayar a hannu har aka kira la'asar, sannan na ɗauko littafin nan na ci gaba daga wurin da na daɗe ina kewayewa. Karatuna bai yi zurfi ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

Bayan mahaifinku, Malam, ya bar aikin gona na ƙaramar hukuma, ya gina kwami uku na siminti a bayan gidanmu na Ƙanƙara, ya zuba tarwaɗa. Yana da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, tsawonta bai wuce babban biro ba, da ɗan allo mai nuna lamba. Mita yake ce mata. Idan ya cire murfin ya tsoma bakinta a ruwa, sai ta faɗi halin ruwan. Ya koya mani karatunta tun da wuri. Bakwai shi ne tsakiya. Idan lamba ta yi ƙasa ruwa ya yi tsami, idan ta yi sama ya karkata wajen kanwa, ita kuwa tarwaɗa kusa da bakwai take so. Har daga Ketare da Faskari ana zuwa ɗaukarsa a babur ya je ya auna wa mutane. Duk safiyar Juma'a yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya jera kwalabe biyu da wani ɗan sukundireba kamar tsinke, ya tsoma a wannan, ya ɗauraye, ya tsoma a wancan, ya ɗan murɗa wani abu a bayanta. Ni ina can ina fama da murhu. A ganina wanka yake yi mata.

"Malam, abin nan ta fi ni samun kulawa a gidan nan," na ce mashi wata rana.

"Ita ba ta taɓa yi mani ƙarya ba," ya ce yana dariya. "Muddin dai na ba ta haƙƙinta."

Farkon maganar na riƙe, ƙarshenta ya bi iska.

Rasuwarsa kun san yadda ta zo. Ya dawo daga masallaci ya ce kansa ya yi nauyi, ya kishingiɗa, kafin magariba an rufe mashi fuska. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, na shiga ɗakinsa don in kimtsa kayansa, domin hannuna na neman aiki. A kan taga na ga kwalaben nan biyu da ruwa garau a ciki, na ce ruwan da ya kwana ya tashi, na zubar a rariya na wanke su da toka. Na buɗe murfin mita na tarar da ɗan soso jiƙe a ciki, har da wani farin gishiri-gishiri a gefe. Duk macen da uwarta ta yi mata tarbiyya ta san ba a adana abu da laima. Ƙwarya, tukunya, zane, komai sai ya sha rana kafin ya shiga akwati. Na wanke soson, na goge ɗan ƙwan gilashin da ke bakinta da gefen zanena har ya yi ƙyalli, na ajiye su bisa murfin kwano a tsakar gida suka yini a rana. Da yamma na naɗe ta a hankicinsa na sa a ƙasan akwati. Na tuna har wani sanyi na ji a raina, na yi wa abin da yake so hidima.

Wata huɗu da kwana goma na takaba, Ilu ne ya riƙe kifin. Kafin ya tafi gona ya zo, in ya dawo ya zo. Shi ba ruwansa da lamba. Yakan ɗebi ruwa a tafin hannu ya shinshina, ya dubi yadda kifin ke rububin abinci, in bai gamsu ba ya zare toshiya ya sake ruwa. Da can mutum ne mai tsokana, ba ya shigowa bai ce, "Matar Yaya, yau ma miyar kuka za a azabtar da mu da ita?" ba. A watannin nan sai ya daina. Daga bakin ƙofa yake gaishe ni, ya wuce baya. Kifin kuwa suka yi ƙiba a hannunsa.

Da takaba ta kusa ƙarewa, Ilu ya ce wa Inna, kakarku, aikin kwami ya yi wa mace nauyi, a bar shi ya ci gaba da kula da shi har yara su tasa. Inna ta ga dacewar haka. Amma matan da ke zuwa taya ni zama suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce haka ake fara cin gadon marayu, da taimako. Wata ta kawo labarin 'yar'uwarta da ƙanen miji ya raba da gona. Maganar kuwa ta sami wurin zama a raina. Washegarin ranar da na fita takaba, ruwan sama na farko ya riga ya sauka, na ɗauko mita daga akwati na tafi baya. Ilu na can yana watsa abinci. Na cire murfi kamar yadda na ga Malam na yi, na tsoma. Lamba ta yi ta rawa, sannan ta tsaya a biyar da ɗigo biyu. Na tsoma a kwami na biyu, biyar. Na uku, biyar.

"Ilu, ruwan nan ya yi tsami. Biyar fa."

Ya ɗebo a hannu ya kai hanci. "Ruwan nan lafiyarshi lau, Matar Yaya. Dubi yadda suke cin abinci kamar 'yan biki."

"Hancinka ya fi mitar Malam sani ke nan?"

"Ni dai ban iya boko ba. Amma kifi ba ya rawa a ruwan da ke cizonshi."

"To daga yau ni zan kula da su. Na gode da ɗawainiya."

Ya dube ni, ya ajiye robar abincin a bakin kwami, ya ce to.

Na san abin da Malam ke yi idan ruwa ya yi tsami da damina. Yakan jiƙa kanwa kaɗan, ya zuba ɗan ƙaramin kofi, ya jira, ya sake aunawa. Haka na yi. Na jira, na auna, biyar da ɗigo uku. Na ce tsamin ya yi yawa ne, na ƙara. Washegari na aika aka sayo mani ungurnu, kanwar nan mai ƙarfi, a kasuwa, na jiƙa a ƙwarya, na raba wa kwami ukun. Mita ta ce biyar. Da rana kifin suka ƙi abinci, suka taso sama suna buɗe baki. Na ce ga shi tsami yana kashe su, na sake jiƙa wata ƙwaryar. A rana ta uku Ilu ya shigo gaida Inna, ya leƙa baya, ya dawo da sauri ya ce a zare toshiya yanzu a sake ruwan gaba ɗaya. Ni kuwa na riga na auna ruwan rijiyarmu, shi ma mita ta ce biyar. Na ce mashi ba za a fid da ruwan da nake yi wa magani a zuba mai ciwo ba. Bai tambaye ni wane magani ba, ni ma ban faɗa ba. Da la'asar, ina ɗaki, ya koma ya watsa gishiri a kwami, kamar yadda yayansa ke yi wa kifi marasa lafiya. Maƙwabciyarmu tana shanya a kan katanga, ta gan shi yana zuba farin abu daga leda.

Da safe na fita da robar abinci. Ban san yadda zan rubuta maku abin da na gani ba. Kwami uku, ba a ganin ruwa, sai fararen ciki. Tarwaɗa fa, kifin da ke rayuwa a taɓo idan rafi ya ƙafe, wanda za ka sare kansa yana motsi. Ba ɗaya mai rai. Na tsaya robar na hannuna, ban yi kuka ba, ban yi salati ba, har Uwani ta zo ta ja zanena tana cewa Auta ya tashi. Kifin nan su ne abu na ƙarshe mai numfashi da mahaifinku ya taɓa da hannunsa.

Kafin hantsi gida ya cika. Maƙwabciya ta faɗi abin da ta gani. Inna ta sa aka kira Ilu, ya durƙusa a gabanta a tsakar gida. Inna ba ta taɓa kiran sunan Malam ba, ɗan fari ne, Babba take ce mashi. Ta juyo gare ni.

"Ke, abin awon Babba me ya nuna?"

Na tsoma a gabansu, na ce, "Biyar, Inna. Tsami. Kwana uku ina fama ya ƙi sauka. Sai dai in wani abu ake zubawa."

Allah shi ne shaidata, a ranar na yarda da abin da na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni ko na zuba wani abu, kuma ko an tambaya ban ɗauki kanwa a bakin komai ba. Abin da muke sawa a miya, muke ba awaki.

"Gishiri ne, Inna," in ji Ilu. "Wallahi gishiri ne. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ba za ka haɗa mani da rantsuwa ba. Ƙasar kabarin yayanka ba ta bushe ba, ka ci amanar 'ya'yanshi don an ce ka cire hannu? Tashi. Kada ƙafarka ta ƙara taka gidan nan ina numfashi."

Ya dube ni sau ɗaya. Kafin mako ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Sabuwa, wajen dangin matarsa da suka ba shi aron gona.

Wajen wata uku bayan haka, Malam Garba, abokin aikin mahaifinku na da, ya aiko daga Faskari cewa tasa mitar ta faɗa rijiya, ko zan ara mashi ta marigayi. Da ma zan je sunan jikar yayata a can, sai na tafi da ita. Na same shi a tsakar gida tare da maiɗakinsa, Hajiya, suka yi mani ta'aziyya, aka kawo fura. Ya warware hankicin a hankali, ya cire murfin, ya leƙa ciki, ya taɓa soson da yatsa.

"Ina ruwan murfin?"

"Na wanke na shanya, Malam. Tun bayan bakwai."

"Kika shanya." Ya maimaita kamar mai koyon kalmar. "A rana?"

"A rana."

"Hajiya, miƙo mani ruwan batir ɗin can da kofuna biyu."

Ruwan da ake ƙara wa batirin mota ne, wanda ba komai a cikinsa. Ya auna a kowane kofi, ya yaga wasu 'yan ledoji biyu masu farin gari, ya zuba ɗaya a nan ɗaya a can, ya juya har suka narke. Ruwa garau, irin wanda na zubar a rariya. Ya nuna mani lambar da ke jikin kowace leda. Ya ce wannan kofin an san halinsa, shida da ɗigo tamanin da shida ne, ba ya tashi. Wancan kuma huɗu. Mita ba ta san gaskiya da kanta ba, in ji shi, sai an riƙa tsoma ta a ruwan da aka san amsarsa, in ta kauce a murɗa sukurun baya har ta dawo hanya. Abin da Malam ke yi ke nan duk Juma'a. Shi kuma ƙwan gilashin, dole ya kwana ya tashi a jiƙe da ruwansa na musamman, in ya bushe ya kurumce. Ya tsoma ta a kofin farko. Muka jira. Biyar da ɗigo biyu. Ya ɗauraye ya tsoma a kofin mai lamba huɗu. Biyar da ɗigo ɗaya. Ya canza mata batir, ya sake, ba abin da ya sauya.

"Kin gani? Wannan ko a miyar yakuwa kika tsoma ta, ko a ruwan toka, biyar za ta ce maki."

Hajiya ta yi dariya. Ni kuwa furar da ke hannuna na ajiye. Ya ce a bar ta ta kwana a jiƙe, wani lokaci suna farfaɗowa. Na tafi gidan suna, aka yi ta guɗa a kaina ban san me ake yi ba. Da safe na dawo. Lambar mita ta ɗan motsa. Ya murɗa sukurun har ƙarshe, da ƙyar ta kai shida, da ya mai da ita kofin huɗu ta ƙi sauka. Ya ce ta gama aiki, sai dai sabuwa. Sannan na yi tambayar da ta hana ni cin abinci tun jiya.

"Malam, in mutum ya zuba kanwa a ruwan da ba shi da tsami fa?"

"Kamar yaya yawanta?"

Na nuna girman ƙwaryar da hannu biyu. Na ce sau biyu, ban da kofunan farko.

Ya ajiye sukundireban. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ce kanwa mai yawa haka tana ƙona wurin numfashin kifi, kuma tana mai da kashinsu da ke cikin ruwan ya zama dafi. Ya ce da an sake ruwa a rana ta uku, da wasu sun tsira.

"Gishiri fa?"

"Gishiri ai magani ne. Wa ya zuba gishiri?"

Hajiya ta dubi mijinta, ta dube ni. Labarin Ilu ya riga ya kai Faskari.

A nan ne laifina na gaskiya ya fara. Shanya mita jahilci ne, kanwa ma jahilci ne. Abin da ya biyo baya da sanina na yi shi. Na dawo Ƙanƙara da niyyar in wuce ɗakin Inna kafin in cire mayafi. Na tarar tana barci, na ce gobe. Kowace safiya ina kai mata koko da maganar a bakina, in fito da ita. Ina tuna matan da suka taya ni kuka, da maƙwabciya, da yadda za a ce matar Malam ta kashe kifi ta kori ƙanen miji. Sau ɗaya na fara.

"Inna, maganar kifin nan..."

"Bar ta, ɗiyata," ta ce, ta kama hannuna. "Kin yi haƙuri, Allah ya gani. Ni na haife shi, ni zan ɗauki kunyar."

Na gyara mata filo. Kwana goma sha tara na yi ina cewa gobe. A cikinsu zazzaɓi ya kama ta, ta kwanta, ranar Laraba da hantsi ta cika. Aka kira Ilu a waya. A kwanakin hanyar Sabuwa ba lafiya, direbobi ba sa fita sai sun taru sun ji labarin gaba. Sai washegari ya iso, an riga an rufe ta. Ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwa, ya sa aka nuna mashi kabarin, ya koma. Ta ce kada ya shigo tana numfashi. Ba ta numfashi, amma bai shigo ba.

Bayan arba'in na bar ku wajen yayata na hau motar Sabuwa. Kaka ta yi, na same shi a ƙofar gida a kan buhu yana ɓarar masara. Ya rame. Matarsa ta shimfiɗa mani tabarma ba ta dube ni ba. Ban zauna a kai ba, na durƙusa a ƙasa na faɗa mashi duka, tun daga kwalaben taga har kofunan Malam Garba. Bai katse ni ba.

"Kanwa," ya ce. "Shi ya sa hannuna ya yi santsi da na taɓa ruwan. Na yi ta tunanin santsin nan." Ya ɗago. "Yaushe kika sani?"

Hanya a buɗe take in ce bayan rasuwar Inna. Ba mai ƙaryata ni.

"Saura kwana goma sha tara ta rasu."

Matarsa ta saki salati ta shige gida. Shi bai motsa ba. Na ce zan tara dangi da liman in wanke shi a gaban kowa. Ya girgiza kai. Ya ce wadda yake so ta ji ba za ta ji ba, sauran mutane kuwa ba su dame shi ba. Ya ce yaran Yaya sun rasa uba, ba za a sa su tashi ana nuna uwarsu da baki ba, in yi mashi alkawari in bar maganar har ƙasa ta rufe idonsa. Na yi alkawarin. Ku sani na karɓe shi da sauri fiye da yadda ya kamata, kuma shekarun nan duka ina ji kuna zaginsa a cikin gidan nan ina tuƙa tuwo. Gonar Ketare da kuke ci har yau, shi ya rubuto wa dangi cewa a bar maku rabonsa.

Na tashi zan tafi, na kai bakin hanya, ya kira ni da sunan da ya daɗe bai kira ni da shi ba.

"Matar Yaya. Da ciwon ya yi tsanani, ta ambace ni?"

Na so in ce e. Amma na riga na gaji da abin da shiru da ƙarya suka saya mani.

"Ba ta ambaci sunanka ba. Sai dai duk namijin da ya yi sallama a zaure, sai ta ɗaga kai daga filo ta saurara, har ta gane muryar, sannan ta mai da kan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in gaida yara, in yi sauri kada motar ƙarshe ta tashi. Da na waiwaya daga nesa yana nan zaune bisa buhun, yana ta murza totuwar da babu ƙwaya ko ɗaya a jikinta.